Takalmin da Ba Ya Zuwa Gidan Uba

Mai Labule ake ce mata a layin, har yaran da ba su taɓa leƙa shagonta ba. Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da wani kanti da kullum yake canja mai haya. A ciki akwai dogon teburin yanka, da keken ɗinki biyu, ɗaya ya daɗe da mutuwa ana jibga masa yadi, sai ɗan tsanin ƙarfe da take ɗauka in za ta je awon taga a gidajen mutane. Wurin gwaggonta ta koyi sana'ar tun tana makaranta, kuma a can ta ɗauko ɗabi'ar tara fil a baki. In aka yi mata magana tana aiki sai dai ta gyaɗa kai. Daga nan mutane suka yanke cewa mace ce mai haƙuri. Yayarta kaɗai take cewa wannan ba haƙuri ba ne, ajiya ce. Duk abin da aka yi mata sai ta ninke shi tsaf ta sa a ƙasan akwati, ranar da za ta ɗauko shi ko yamutsewa bai yi ba.

Mijin da ta aura malamin koyar da tuƙi ne. Motarsa irin ta masu koyarwa ce mai birki biyu, ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gabansa, kuma haka ya zauna da ita. Zai bar ta ta ɗauko magana, ta ɗauko shawara, har ta fara jin daɗin tafiyar, sai ya taka nasa birkin ba tare da ya ɗaga murya ba. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa zaginta ba. Shi ya sa da auren ya mutu dangi suka rasa inda za su kama, suka yi ta tambayarta me ya yi mata, ita kuma ta rasa abin nunawa.

'Ya ɗaya suka haifa. Kurciya ake kiranta, don tana jaririya ba ta cika kuka ba, sai wani ɗan gurnani a maƙogwaro. An haife ta ƙafar hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, bambancin kamar faɗin yatsu biyu. Likita ya ce ba wani abin tashin hankali ba ne muddin tana sa takalmi na musamman mai kaurin ƙasa a hagun. Amma ya ja kunne: in takalmin ya matse ta, za ta riƙa karkata don gudun zafi, ƙugu ya goce, baya ya bi shi, kuma abin da ya goce a yarinta da wuya ya dawo. Wani tsoho ne yake yin irin takalman a wani ɗaki bayan asibiti. Zai tsayar da yaro a kan takarda ya zana ƙafar da fensir, sannan a jira makonni. Kuɗin ƙafa biyu ya kai abin da Mai Labule take samu a labulen babban falo gaba ɗaya. Ita kuwa ƙafar yaro ba ta jiran kowa.

Da suka rabu kotu ta ba ta riƙon yarinya, ta ba shi ƙarshen mako biyu a wata, ta yanka masa abin da zai riƙa bayarwa na ci da sutura da makaranta. Sai alƙali ya karanta wani sashe da sauri yana duban agogo. Duk wata hidima ta musamman da ta wuce wannan, irin su magani mai tsada ko kayan asibiti, su biyun za su raba daidai, amma sai an nemi yardar uba a rubuce kafin a kashe ko sisi, a haɗa da takardar likita, kuma yana da wata guda ya ba da amsa. Ita a lokacin hankalinta duk yana kan riƙo. Ta ji an ce a raba daidai, ta ɗauka magana ta ƙare. Shi kuwa ya roƙi a sake karanta masa wurin, a hankali.

Wata rana Kurciya ta dawo daga makaranta tana taka gefen ƙafa. Uwar ta cire takalmin, ta ga babban yatsa ya yi jawur, farcen ya fara shiga nama. Ba ta tsaya tunanin komai ba. A ranar ta kai ta wurin tsoho, ta biya da kuɗin yadin wata mata da aka ba ta kafin aiki, ta yi ta ɗinki ba hutu har ta cike gurbin. Da takalmi ya fito sai ta ɗauki rasit ta nufi wurin baban Kurciya neman rabinsa.

Filin koyarwarsa yana bayan wani gidan mai. An jera tsofaffin tayoyi an shafa musu farin fenti, ga rumfa da benci inda ɗalibai suke jiran layi, yawancinsu matan aure, ga allon alamomin hanya a jingine. Ya karɓi rasit ɗin, ya karanta gaba, ya juya ya duba baya ko da wani abu. Sannan ya ɗauko muryar da yake koyarwa da ita, wadda take kaiwa har ƙarshen benci.

"Madam, kin wuce kwanar. Wannan hanyar kuma ba a juyawa a kanta. Da kin tambaya kafin ki saya."

Wata daga cikin matan ta yi dariya, ta yi maza ta rufe baki da jaka. Shi kuma ya ninke rasit ɗin gida biyu ya miƙo mata, har da tambayar ya jikin yarinyar.

Lauyar da ta je wurinta a ofishin taimakon mata, wata mace ce da gajiya ta gama cinye fuskarta, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce mutumin bai karya komai ba. Abin da aka riga aka saya doka ba ta tilasta masa biya. Kuɗin wata ma ba za a ƙara ba, tunda motocin da sunan ƙaninsa aka saye su. Rashin kirki, in ji ta, ba ya cikin abubuwan da kotu take hukuntawa. Ta dai ba ta haƙuri da cewa abin da ta saya da guminta nata ne, ba mai iko da shi.

Karo na gaba Mai Labule ta bi ƙa'ida tiryan-tiryan. Tun kafin takalmin ya fara matsewa ta kai yarinya aka zana ƙafa, ta karɓo takardar likita, ta rubuta, ta aika. Ya yi shiru har ranar ƙarshe ta watan, sannan ya amsa da cewa yana son a nemo farashin wani mai takalmin don a gwada. Ya sani sarai babu wani a garin. Aka sake rubutu, aka sake jira. Da ya amince, tsoho ya ce zanen ya tsufa, gara a sake. Baban Kurciya ya ce shi wancan awon da wancan farashin ya sa wa hannu, in za a sake to sabuwar buƙata ce, sabon wata. Mai Labule ta ce a yi da tsohon zanen. Takalmi ya iso ƙafa ta kusa cika shi. Ya biya rabinsa cif, ya nemi rasit. Ba a daɗe ba yarinya ta fara taka gefe, uwar ta koma wurin tsoho ta sake biya ita kaɗai, wannan karon ba ta ko nemi kowa ba.

Yaya ta kawo shawarwari iri-iri. A zuba masa sukari a tankin mota. A je filin da safe a tara masa jama'a. A samo lambar mazan matan nan a gaya musu irin mutumin da suke miƙa wa iyalinsu. Takan zauna a kan mataccen keken tana lissafo su tana cin gyaɗa, ƙanwar tana ta yanka yadi. Zuwa lokacin ba kuɗin Mai Labule take so ba. So take a yi masa dariya a gaban bencin nan, irin wadda aka yi mata. So take kuma uwarsa ta gani. Inna, tsohuwar surukarta, duk inda ta zauna sai ta faɗi yadda ɗanta bai taɓa makara da kuɗin wata ko da yini ɗaya ba. Abin haushin shi ne gaskiya take faɗa.

Wata ranar Juma'a da uban zai zo ɗaukar yarinya, Mai Labule tana haɗa mata jaka sai maganar lauya ta dawo mata: abin da ta saya da guminta nata ne. Ta dubi sabon takalmin a bakin ƙofa. Ta ɗauke shi ta ɗora a saman kabad, ta jawo na ƙarƙashin gado, tsohon nan da kuɗin uban ya shiga ciki. Ta ce wa Kurciya sabon na nan gida ne, filin babanta duk baƙin mai ne, zai lalace. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ba halinta ba ne. Da safa mai kauri ƙafar ta ƙi shiga, sai aka nemo mai shara-shara.

Kwana biyu ne kawai, haka ta gaya wa kanta. Kafin su kai titi zai ga ɗingishin, kunya ta kama shi, ya kai ta wurin tsoho da kansa. Ta yini ranar Asabar waya na kan teburin yanka, ko ƙara ba ta yi ba. Lahadi da yamma Kurciya ta dawo da 'yar tsana da ledar alawa. Ashe a kujerar baya ya zaunar da ita yana ta koyar da ɗalibansa, daga mota sai gado. Dunduniyar ta yi bororo. Uwar ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta durƙusa tana gasa mata, zuciyarta na tafasa fiye da ruwan. Uban da 'yarsa za ta kwana biyu a gabansa tana ɗingishi bai gani ba. Wannan ma ta ninke ta ajiye masa.

Ta sake yi, ta kuma sakewa. Bororon yakan warke a kwanakin da ke tsakani, ya dawo ranar Lahadi. Yaya ce ta fara ganewa, wata Juma'a da ta tarar ana kokawa da igiyar tsohon takalmin. Ta jira yarinyar ta fita, ta rufe ƙofa.

"Ke kika ɗaure mata da hannunki, shi kuma kike tsine wa. Anya kanki ɗaya?"

"Ya gani tukuna, Yaya."

"In bai gani ba har abada fa? Mutumin da ya zauna da ke shekara da shekaru bai san kalar idonki ba."

Mai Labule ta mayar da fil baki. Yaya ta ɗauki jakarta ta ce ita ba za ta ƙara zuwa ranar Juma'a ba.

A kan tsani Mai Labule ta ji labarin wani taro. Tana awon tagar ɗakin wata mata, matar na zaune a bakin gado tana ta zuba, ba ta san da wa take magana ba. Wai malaminsu na tuƙi ya sayi sabuwar mota, zai yi ɗan taro a fili ranar Asabar, a ci a sha, a raba wa waɗanda suka ci jarrabawa takardunsu, har mai hoto an ɗauko. Mahaifiyarsa ma za ta zo. Mutumin kirki, in ji matar, ga son 'yarsa, kullum tana bayan mota kamar jakarsa. Asabar ɗin ta faɗo a makon da yarinya take wurinsa. Mai Labule ta sauko daga tsani ta ga ta manta abin da ta auna, sai da ta sake hawa.

A wannan makon ta ɗinka wa Kurciya riga da ragowar wani yadi mai sheƙi, ruwan zuma. Ta gwada mata, rigar ta sauka har idon sawu, ta yi kyau ƙwarai. Uwar ta ja baya ta duba kamar yadda take duban labule, sannan ta durƙusa ta ɗage bakin rigar zuwa ƙasan gwiwa ta soka fil. Ba ta son komai ya rufe ƙafar.

Ranar Juma'a takalmin ya ƙi shiga. Ta sassauta igiyar har ƙasa, ta shafa mai a dunduniya, ta tura. Kurciya ta ja iska ta haƙora, ta riƙe kafaɗar uwar. Mai Labule ta ɗaga kai, idonta ya sauka a saman kabad. Miƙa hannu kawai za ta yi. Sai aka yi hon a waje, gajere sau biyu, yadda ya saba yi tun suna tare in yana nufin ana ɓata masa lokaci. Ta sunkuya ta ɗaure igiyar.

Asabar bayan azahar wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Inna ce ta fito, sai wata mata da ta tuƙo ta, ɗauke da Kurciya a kafaɗa, ƙafa ba takalmi, an naɗe hagun da hankici. Matar ɗaya ce daga cikin ɗaliban, kuma bakinta bai iya riƙe labari ba. Tun kafin ta sauke yarinyar ta fara.

Mai hoto ne ya ce kowa ya zo a jeru a jikin sabuwar mota, malam a tsakiya da 'yarsa. Kurciya na can ƙarshen fili a cikin tsohuwar mota, aka kira ta. Ta taho ita kaɗai a gaban kowa, tana dafa tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, hira ta yi ta mutuwa har aka yi tsit. Inna ta kira ta, ta ɗora ƙafar a cinya ta zare takalmin da ƙyar, safar ta manne da jini. Sai ta ɗaga takalmin sama ta tambayi ɗanta ko ya san 'yar waye wannan. Shi kuwa, maimakon ya yi shiru, sai ya gyara murya ya fara bayanin kotu, da buƙata a rubuce, da wata guda. Inna ta ce masa ita da ta haife shi ba wanda ya ba ta wata guda ta yi shawara. Ta wurga takalmin, ya sauka a kan murfin sabuwar motar, ga shi da nauyi, ya lotsa wurin. Wata ta ce a ba ta ragowar kuɗinta. Wata ta fashe da dariya, wasu suka taya ta. Malam na tsaye da makulli a hannu, mai hoto na tambaya ko a ɗauka haka.

Mai Labule ta ji wani sanyi ya bi ta tun daga maƙogwaro har ciki, irin na ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ta tambayi matar wane gefe ne ya lotsa, kuma da girma? Su wa suka yi dariyar? Da Inna ba ta wurin da ta sa an maimaita mata daga farko.

Inna ta gode wa matar, ta ce ta ɗauki yarinya su jira a mota. Ta jawo kujera ta zauna.

"A hanya ta ce min tana da sabo. A saman kabad, wai na gida ne."

Mai Labule ta buɗe baki. Tana da rasit ɗin farko, da dariyar benci, da watannin jira, duk a ninke, kowanne a wurinsa. Ta fara jerowa. Inna ta ɗaga hannu.

"Na ji, kuma na yarda. Ɗana yau na gan shi, na san abin da na haifa. Ke ce ban gama gani ba sai yanzu. A ƙafar yarinya kuka buɗe kotunku?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce ba za ta gaya masa ba, ba don ita ba, sai don ta san yana ji zai ruga wurin alƙali ya nemi riƙo, kuma a yau ko mage ba za ta ba shi amana ba. Daga yanzu ita za ta riƙa kai jikarta wurin tsoho, rabin uban kuma ita ta san yadda za ta fitar da shi daga aljihunsa, ba da takarda ba. Sannan ta miƙe ta ce a rufe shagon, asibiti za su.

Likita ya wanke ciwon, ya sa yarinyar ta yi tafiya zuwa bango ta dawo, ya daɗe yana kallon ƙugun. Ya ce ciwon zai warke, ƙugun kuma sai an riƙa dubawa, ba zai yi alkawari ba tukuna. Ya tambayi yadda aka yi har aka kai haka. Inna ta dubi taga. Mai Labule ta ce takalmi ne ya makara.

Bencin ɗalibai ya ragu sosai bayan nan. Ba ita ta yaɗa labarin ba, ko buƙata babu. Gida-gida ake ba ta shi tana kan tsani, kowacce da nata ƙarin. A wani gidan gilashin motar ne ya tarwatse, a wani Inna har mari ta yi. Takan saurara da fil a baki, wani lokaci ta ce, "Ikon Allah, sai kuma me ya ce?" Ba ta gajiya da ji. Yanzu rabinsa yakan riga buƙata isa wurin tsoho. Da Yaya ta dawo zuwa, ta tambaye ta ko zuciya ta yi sanyi, ta ce da saura, amma ta fara.

Juma'ar farko da ya sake zuwa ɗaukar yarinya, Mai Labule ta rufe shago da wuri. Ta goge jaka, ta ninke kaya, ta nemi sabon takalmin don ta sa masa mai, ba ta gan shi a bakin ƙofa ba. Yana ƙafar Kurciya. Tun dawowa daga makaranta ba ta cire ba, da shi ta ci abinci, da shi ta shiga banɗaki, ta yi wa igiyar ƙulli a kan ƙulli har ya zama dunƙule. Tana zaune a kujerar kusa da ƙofa, jaka a cinya.

Uwar ta ɗauko gwangwanin man shafawa ta durƙusa a gabanta, ta ce ta kawo ƙafar a shafa wa dunduniyar kafin babanta ya zo, minti ɗaya ne, za a mayar. Yarinyar ta ja ƙafafun biyu ta tura su ƙarƙashin kujera, can ciki.

"Ya warke, Mama."

"Mu gani mana, Kurciyata."

"Ya warke."

Aka yi hon a waje, sau ɗaya. Kurciya ta miƙe ta rataya jaka, ta ce sai Lahadi, ta fita tana taka ƙasa daidai. Mai Labule na nan a durƙushe da gwangwani a buɗe a hannunta har ta ji tashin motar.